Tambayi Likita: An ce ANA ɗina ya fito fozitif, shi ke nan lufus gare ni?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Saƙonnin da suka shigo wannan watan da yawansu kuka ɗaya suke yi, mutum ya je lab an ɗebi jininsa an miƙo masa takarda cike da haruffa irin su ANA da RF da TPO, ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani, ya koma gida ya kasa barci. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Sunaye dai kamar kullum na cire su.

TAMBAYA: Salamu alaikum likita, Allah shi saka da alheri. Ni matar aure ce shekaruna 27 ina zaune nan Gusau, wata da watanni ke nan ina fama da ciwon gaɓɓai musamman yatsu da wuyan hannu, ga gajiya ko ban yi aikin komi ba, ga zazzaɓi shina tahowa shina wucewa, an yi min maganin maleriya da taifot har na gaji da sha, gashina na zuba, bakina na yin gyambo, in na shiga rana kuma sai wasu tabo su fito min bisa kumatu da karan hanci. Daga baya wani likita ya ce a yi gwajin ANA, anka tura jinin Kano, rizal ya dawo an rubuta fozitif 1:640. Ƙanwar mijina ta duba waya ta ce wai lufus ne kuma ba shi da magani, gwaggona kuma ta ce jifa ne a koma na gida. Likita mi ke nan don Allah, wallahi hankalina a tashe yake.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya ya sa kaffara ne. Bari mu faro daga tushe don sauran masu tambaya ma su amfana. Allah ya yi mana garkuwa a jiki, wasu fararen ƙwayoyin jini ne ke ƙera wani sinadari da ake kira antibodi, aikinsa ya gane baƙon abu kamar ƙwayar ƙyanda ko ta ciwon hanta ya manne mata har a gama da ita, shi ya sa yaron da aka yi wa rigakafin ƙyanda da wuya ta kama shi. To wani lokacin garkuwar nan sai ta rikice ta kasa bambance na gida da na waje, ta shiga ƙera antibodi a kan naman jikin mai ita, ko gaɓɓai ko fata ko ƙoda ko jinin kansa. Cututtukan da ke zuwa ta wannan hanyar sun haura 80, lufus ɗaya ce daga ciki, a fayil ɗin asibiti za ki ga an rubuta ta SLE.

Shi ANA antibodi ne da ke kai wa cibiyar ƙwayar halitta hari. Yadda ake gwajin, ana ɗaukar ruwan da ke tasowa sama bayan jini ya daskare, a tsinka shi, a ɗiga a kan wasu ƙwayoyin halitta da aka shimfiɗa bisa gilashi, a ƙara wani rini mai ƙyalli, sai a leƙa da madubin likita, in antibodin na nan sai a ga cibiyoyin sun yi haske kore. In an gani sai a ƙara tsinka shi ninki biyu a sake leƙawa, haka ake ta yi, 40, 80, 160, 320, 640, har sai hasken ya ɓace. Kin san yadda ake rubuta 1:80 ko 1:160 a takardar gwajin taifot, to lissafin iri ɗaya ne. Naki 1:640 na nufin an tsinka ruwan jininki sau 640 amma har yanzu ana ganinsa, wato yana da yawa.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Gaskiya ne sama da kashi 95 cikin 100 na masu lufus ANA ɗinsu fozitif ne, amma akasarin masu ANA fozitif ba su da lufus. Wani bincike da aka buga a 1997 a kan mutane masu ƙoshin lafiya ya nuna kusan 3 cikin 10 na fitowa fozitif a 1:40, wajen 5 cikin 100 kuma a 1:160, mutane ne lafiyayyu ba abin da ke damunsu. Tsufa na kawo shi, ciwon hanta da tarin fuka na kawo shi, wasu magunguna ma na tayar da shi, irin su aisoniyazid na tibi da haidiralazin na hawan jini. Ni yadda nake ɗaukar gwajin nan, shaida ne guda ɗaya a gaban alƙali, ana saurarensa da kyau amma ba a yanke hukunci da bakinsa shi kaɗai sai an ji sauran shaidu, kuma manyan shaidun su ne labarin da mara lafiya ya bayar da abin da likita ya gani da idonsa ya taɓa da hannunsa. Ko ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Turai da Amurka suka fitar a 2019 haka ta tsara, ANA na aƙalla 1:80 shi ke buɗe ƙofa kawai, bayan nan sai an tara maki 10 daga alamomin jiki da sauran gwaje-gwaje.

Amma ba zan ɓoye miki ba 'yar'uwa, ke shaidunki sun taru. Mace a shekarun haihuwa, kuma ita lufus 9 cikin 10 na masu ita mata ne galibi tsakanin shekara 15 zuwa 45, ga ciwon ƙananan gaɓɓai, ga zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ga zubar gashi da gyambon baki da tabon da rana ke tayarwa, ga lamba mai yawa a takarda. Wannan abin a bi shi ne da gaggawa, kada a ce sai bayan girbi ko sai bayan salla. Abin da ya rage a yi shi ne gwajin wasu antibodi, anti-dsDNA da anti-Sm, su biyun nan in suka fito sun fi ANA nuna lufus kai tsaye duk da ba kowane mai ita ke da su ba, sai C3 da C4, wasu sinadaran garkuwa a jini waɗanda ke sauka ƙasa idan cutar na kan ganiyarta, sai ƙidayar jini, sai gwajin aikin ƙoda.

Na san kuɗi ne, kuma sau da yawa sai an tura jinin wani gari an jira. To ki ji wannan da kyau, gwajin da ya fi min muhimmanci a wurinki yanzu shi ne mafi arha cikinsu, gwajin fitsari, a duba ko akwai furotin ko jini a ciki, kusan kowane babban asibiti ana yin shi a ranar. Dalili kuwa kusan rabin masu lufus cutar na taɓa musu ƙoda, ita kuma ƙoda ba ta ciwo a farko, shiru take lalacewa, sai dai mutum ya ga fitsarinsa na kumfa sosai ko ƙafa da fuska sun kumbura ko jini ya hau, lokacin an riga an yi nisa. Abin na ci min rai in ga yarinya ƙarama an kawo ta ƙoda ta gama tafiya alhali da an tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsarinta tun bara da an tare.

Maganar ƙanwar mijinki kuma, gaskiya ne ba a tumɓuke lufus a ce ta tafi har abada, amma ana kwantar da ita mutum ya yi rayuwarsa, ya yi aiki ya haihu ya ga jikoki in Allah ya so. A shekarun 1950 kusan rabin masu ita ne ke wuce shekara biyar, yau inda ake samun kulawa fiye da 9 cikin 10 na wuce shekara goma. Ginshiƙin maganin shi ne haidiroksi-kulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin nan da muka sani na maleriya, amma kada ki je kemis ki saya da kanki, akwai awo gwargwadon nauyin jiki kuma ana duba ido lokaci-lokaci. Ki rage shiga rana tsaka, in fita ta kama ki rufe jiki ki riƙe lema. Ita kuma gwaggo ki bi ta a hankali, ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, cuta ce mai zuwa ta lafa ta dawo shi ya sa ake saurin cewa jifa ne. Addu'a da azkar ki riƙe su da ƙarfi, Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya gaya mana Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Abin da nake roƙonki ki guje wa shi ne jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, ƙodar da ake lallaɓawa ba ta son su. Ki koma wurin likitan da ya rubuta miki gwajin nan, ya yi tunani mai kyau, ki nemi ya ba ki takardar turawa zuwa likitan gaɓɓai, ko ta Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau ko asibitin koyarwa na Danfodiyo a Sakkwato ko na Shika a Zariya.

Wani abu da ya kamata mu sani, a 1968 wani likita ɗan Ingila mai suna Brian Greenwood da ke aiki a Ibadan, wanda daga baya ya yi shekaru a Zariya, ya rubuta cewa irin waɗannan cututtukan ba su da yawa a Najeriya, har ya yi hasashen ko maleriya ce ke danne su. An daɗe ana tafiya a kan haka. Da likitocin gaɓɓai suka fara samuwa kuma gwaje-gwajen suka iso, sai ga masu lufus ana ta ganinsu a asibitocinmu, kuma an san a Amurka da Ingila baƙar fata ta fi kamawa ta fi yi musu tsanani. Saboda haka duk wanda ya ce miki ciwon Turawa ne kada ki saurare shi.

TAMBAYA: Likita ni ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, shekara 41, lafiyata lau ba abin da ke damuna, na je Abuja wani aiki sai abokina ya ja ni wani lab muka yi gwajin duba lafiya na gaba ɗaya, a ciki ANA ya fito 1:80. Tun ranar nake ta bincike a intanet har na fara jin gwiwata na ciwo. In sake yi ne ko in fara shan magani?

AMSA: Malam kada ka sha komai, kuma ba sai ka sake ba. A wancan binciken na 1997 da na ambata, wajen mutum 13 cikin 100 masu lafiya suna fitowa fozitif a daidai wannan lambar taka, kuma mafi yawansu haka za su ƙare rayuwarsu ba abin da zai same su ta nan. ANA gwaji ne da ake yi wa wanda ya zo da alamomi, ba a yin shi don duba gari, kuma ni ban ji daɗin yadda wasu lab-lab ke cusa shi cikin jerin gwajin duba lafiya ba, kuɗi ne ake karɓa a sayar wa mutum da fargaba. Irin abin da ya faru da gwajin taifot ne, shi ma antibodi yake aunawa, mutumin da ya taso a ƙasar nan da wuya a rasa ɗan wani abu a jininsa, sai a ga 1:80 a ce taifot a ɗura masa allurai na kwana da kwanaki alhali abin da ke damunsa daban. Ka ajiye takardar a fayil. In wata rana ka ga gaɓa ta kumbura da gaske, ko ƙuraje da suka ƙi tafiya, ko yatsu na canza launi cikin sanyi, ko baki da ido sun bushe ƙamas na watanni, sai ka ɗauko ta ka kai wa likita. Da kuɗin da za ka sake gwajin gara ka auna hawan jini da suga, su ne suka fi kusa da namiji mai shekarunka.

TAMBAYA: Likita ina wuni. Mahaifiyata ce a Argungu, ta haura 60, gwiwoyinta ke ciwo shekaru, in ta yi tafiya ko ta tashi daga sallah har ƙara sukai. Munka kai ta anka yi gwajin RF ya fito fozitif anka ce amosanin gaɓɓai ne mai naƙasa mutum. Wani mai kemis ya haɗa mata ƙwayoyi tana sha kullum wajen wata shida, ta ji sauƙi har ta yi ƙiba fuska ta cika, amma yanzu an ce suga ya kama ta kuma tana kukan ciwon ciki. Mi ya kamata mu yi?

AMSA: Malam Allah ya saka maka da kula da Inna, Allah ya ba ta lafiya. Zan fara da ƙwayoyin don su suka fi tayar min da hankali. Cikar fuska da ƙibar nan da kuke gani ba lafiya ba ce, alama ce mai ƙarfi cewa cikin haɗin akwai firednisolon ko deksa, irin wanda 'yan mata ke sha don ƙiba ana ce masa sha-ka-fashe. Suna kashe ciwo nan take shi ya sa ake son su, amma in aka daɗe a kansu suna kawo suga da hawan jini da yanar ido, suna cinye ƙashi har tsohuwa ta ɗan zame ta karye a ƙugu, suna raunana garkuwa tarin fuka ya samu hanya. Ciwon cikin kuma ina zargin akwai daikulofenak ko ɗan'uwansa a ciki, haɗa su biyun na iya fasa gyambon ciki, in kuka ga bayan gidanta ya yi baƙi kamar kwalta ko ta yi aman jini ku tafi asibiti a daren. Sai dai kuma kada ku yanke mata maganin rana ɗaya, wanda ya yi watanni a kan irin wannan jikinsa ya daina ƙera nasa, in aka tsayar kwatsam jini na iya faɗuwa har a rasa rai. Ku kwashi ƙwayoyin duka da ledarsu ku kai wa likita ya gani ya tsara yadda za a rage a hankali.

Sai maganar RF, shi ma wani antibodi ne ake aunawa a jini. Tsohon gwaji ne, tun 1940 wani likitan ƙasar Nowe mai suna Erik Waaler ya ba da bayaninsa, kuma yana fitowa a wajen 7 cikin 10 na masu amosanin gaɓɓai irin na garkuwar jiki. Matsalarsa shi ne yana fitowa a wurare barkatai, a tsofaffi masu lafiya, a mai ciwon hanta musamman nau'in C, a mai tibi, a wanda maleriya ta daɗe tana kama shi, ka ga a ƙasa irin tamu kusan kowa na iya faɗawa ciki. Wanda ya fi shi tantancewa shi ne anti-CCP, shi in ya fito da wuya ya yi ƙarya, cikin mutum 100 da ba su da cutar bai fi kamar 5 zai nuna ba, har yakan bayyana a jini shekaru kafin ciwon ya fara. Duk da haka akwai masu cutar da gaske da duka biyun ba sa fitowa a jininsu, likita ne ke gane su da hannu.

Abin da ka kwatanta na Inna kuwa ya fi kama da zaizayewar gwiwa ta shekaru da aiki, ciwo a manyan gaɓɓai masu ɗaukar nauyi, yana ƙaruwa da tafiya yana lafawa da hutu, ga ƙara. Shi na garkuwar jiki yatsu da wuyan hannu ya fi kamawa, dama da hagu tare, gaɓar ta kumbura ta yi taushi da ɗumi, da asuba hannu ya sandare mutum ya kasa murɗa hannun ƙofa ko riƙe buta har sama da awa guda, sai rana ta ɗaga ya sake. Ka tambaye ta wannan, ka duba hannayenta. In babu, hoton gwiwa zai fi muku amfani, da rage nauyi da motsa gwiwa da sanda, kuma ta yi sallah a kujera in ruku'u da sujada na wahalar da ita, addini ya yi sauƙi. In kuma akwai, a yi anti-CCP a kai ta ga likitan gaɓɓai da wuri, domin watannin farko su ne ake ceto gaɓa kafin ta lanƙwashe. Babban maganinsa metotireksat, sau ɗaya a sati ake sha, ina nanatawa a sati, an rasa rayuka saboda shan shi kullum, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan shi. Tun da RF ɗinta ya fito, a duba mata ciwon hanta nau'in B da C ma.

TAMBAYA: Likita don girman Allah ka taimake ni. Ina wani ƙauye wajen Anka, ɓari huɗu na yi a jere, ukku cikin wata biyu-biyu, na ƙarshe cikin ya kai wata shidda yaron ya mutu a ciki. Dangin miji sun fara surutu wasu na cewa kishiyata ce. Wata nas ta ce akwai gwajin jini da ake yi na daskarewar jini. Gaskiya ne?

AMSA: Ƙanwata Allah ya ba ki haƙuri ya sa masu ceto ne, ya ba ki masu albarka rayayyu. Nas ɗin nan ta faɗi gaskiya, Allah ya biya ta. Akwai wasu antibodi da ke sa jini saurin daskarewa cikin jijiyoyi, in abin ya faru a mahaifa sai abinci da iska su kasa isa ga ɗan tayi. Wani likita a Landan, Graham Hughes, shi ya fito da bayanin cutar a 1983, ana rubuta ta APS. Labarinki ya isa a yi miki gwajin, domin ƙa'ida ita ce ɓari uku a jere kafin sati 10, ko mutuwar ɗa a ciki ko da sau ɗaya bayan sati 10, ke kuma kin haɗa duka. Gwaji uku ne ake haɗawa, likita zai rubuta su, LA da aCL da anti-B2GP1, kuma abin da yawancin mutane ba su sani ba, in ya fito fozitif sai an sake shi bayan aƙalla sati 12, saboda zazzaɓi ko wata cuta mai wucewa na iya tayar da su na ɗan lokaci su koma. In an tabbatar, akwai magani kuma yana aiki, ƙaramin asfirin da allurar hefarin tun farkon ciki ƙarƙashin kulawar likitan mata, mafi yawan matan da aka yi wa haka suna rungumar 'ya'yansu.

Amma ki sani cikin matan da ke yawan ɓari wajen 15 cikin 100 ne ake samun wannan, saboda haka a duba sauran dalilai tare, suga, maƙoƙo, hawan jini, tunjere, yanayin mahaifa a sikanin. Kuma tun da kin ce Anka, dole in tambaya, maigidanki ko wani a gidanku na harkar zinari, ana daka dutse ko wanke shi cikin gida? Ba mu manta 2010 ba da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ita dalma tana jawo ɓari da mutuwar ɗa a ciki, kuma ana auna ta a jini. Ki faɗa wa likita wannan ko bai tambaya ba. Maganar kishiya kuma a bar ta, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya balle ga dalilai a fili da ake iya dubawa, ki nuna wa maigida wannan amsar ya raka ki asibiti kafin ki sake ɗaukar wani cikin.

TAMBAYA: Ɗiyata ce shekara 22 muna Zuru, wuyanta ya kumbura, tana ci sosai amma ramewa take, ga faɗuwar gaba da zufa da rawar hannu, idanunta sun fara fitowa waje. An ce a yi anti-TPO. Shi ne daidai?

AMSA: Hajiya wannan ya yi kama da maƙoƙo mai yawan aiki, nau'in da ake kira cutar Graves, ita ma garkuwar jiki ce ke zuga ƙullin da ke gaban wuya ya yi ta zubo sinadari fiye da kima. Gwajin farko a nan TSH ne da T4, su za su nuna ko yana aiki da yawa ko kaɗan, kuma da su ake fara magani. In ana son tabbatar da Graves antibodin da ake nema shi ne TRAb. Shi anti-TPO ya fi amfani a ɗaya nau'in, cutar Hashimoto wadda wani likitan Japan ya bayyana a 1912, inda ƙullin ke mutuwa a hankali mutum ya yi ta jin sanyi da kasala da ƙiba, kuma wajen 1 cikin 10 na lafiyayyu musamman mata suna da shi a jini ba tare da ciwo ba. In kuɗi ba su isa duka ba a fara da TSH da T4. Ba kowane maƙoƙo ne na rashin aidin ba, ita kada a ƙara mata aidin ko a yi mata tsaga ko sakiya a wuya. Akwai ƙwaya mai suna kabimazol da ke saukar da shi, in an ɗora ta a kai sai ta yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ta dakata ta je a ƙirga mata jini a ranar. Kada a ja lokaci don zuciya ce ke wahala.

TAMBAYA: Likita an tabbatar matata na da lufus bara, tana kan magani Alhamdulillah ta samu sauƙi. Zan iya ɗauka? Yaranmu biyu a gwada su? Kuma za ta iya sake haihuwa? Daga Talata Mafara.

AMSA: Malam ba a ɗaukar ta, ko ta kwanciya ko ta kwano ɗaya ko ta jini, ka zauna da iyalinka hankali kwance kuma ka faɗa wa dangi haka da bakinka don kada a fara ƙyamarta. Tana ɗan bin dangi amma ba irin gadon sikila ba ne da ake lissafa shi, mafi yawan 'ya'yan masu lufus ba sa yin ta, kuma yaran da ke lafiya ba a yi musu ANA, dangin mai lufus sukan fito fozitif ba tare da ciwo ba sai ka saya wa kanka damuwa a banza.

Haihuwa kuma za ta iya in sha Allahu, amma da shiri. Ana son cutar ta kwanta na aƙalla wata shida kafin ciki ya shiga, musamman in ta taɓa ƙoda, kuma wasu magungunan kamar metotireksat da maikofenolet suna illa ga ɗan tayi sai an canza su tun kafin nan, saboda haka ku je ku biyu ku gaya wa likitanta kuna son ƙari, ya kuma zaɓa muku hanyar tazara da ta dace kafin lokacin don ba kowace ƙwayar tazara ce ta dace da ita ba. Gwaji biyu za a ƙara, na daskarewar jinin nan da na yi wa 'yar'uwarmu ta Anka bayani, da anti-Ro da anti-La. Su waɗannan antibodi biyun na ƙarshe suna iya ratsa mahaifa su taɓa bugun zuciyar jariri, abin ba shi da yawa, kamar 1 zuwa 2 cikin 100 na matan da ke da su, amma in an sani sai a riƙa sauraren zuciyar ɗan a sikanin tsakanin sati 16 zuwa 26. Haidiroksi-kulorokwin ɗinta kuwa kada ta ajiye shi don ta ga ciki ya shiga, ana ci gaba da shi har haihuwa, kuma tana iya shayarwa tana shan shi.